Ragowar Baba da Mamatsin Gilashi

A gidan aurena na Nassarawo, cikin Jimeta, na taɓa riƙe madafar da ba a hura wuta a cikinta. Tebur ne guda a ƙarƙashin rumfar zana, da randa, da wuƙa, da farantan tangaran biyu. Babu murhu, babu toka, babu hayaƙin da zai sa mace hawaye. Duk da haka ban taɓa yin girkin da ya ba ni wuya kamar na wannan tebur ba, kuma har yau in na tuna shi sai in kama dariya ni kaɗai, jikokina su tsaya suna kallona.

Lokacin ban cika shekara da aure ba. Ni Bafulatanar Yola ce, daga cikin gari aka kawo ni gidan Barebari. Mijina akawu ne a ofishin ayyuka, irin samarin zamanin Jihar Arewa maso Gabas masu gajeren wando da doguwar safa, waɗanda ba sa gama zance sai sun ambaci Maiduguri. Mahaifinsa, wanda nake kira Baba, tun yana saurayi ya zo daga Borno da fataucin kanwa, gari ya karɓe shi, ya zauna yana karantar da manya da yara a zaurensa. Matarsa ta rasu kafin a kawo ni, saboda haka tukunyar gidan ta faɗo hannuna tun ban gama sanin inda ake ajiye tsintsiya ba.

Ɗakin Baba yana jikin zaure, ya ba tsakar gida baya, sai wata 'yar taga can sama kusa da rufi. Kullum da safe nakan je bakin ƙofarsa in durƙusa in gaishe shi, kaina a ƙasa, ya amsa daga ciki da "Wushe, wushe, Allah ya yi albarka," in tashi. Iyakar maganarmu ke nan. A gidanmu na Yola an koya mini cewa suruki ba a kallon bakinsa, ba a cin abinci a gabansa, ba a tambayarsa ko miya ta yi daɗi. Shi ma a nasa ɓangaren haka yake riƙe da ni. Abincinsa mijina ke kai masa ya ajiye ya fito, don ɗa ma ba ya tsayawa a kan mahaifinsa yana ci. In ya gama sai ya turo kwanon bakin ƙofa, ya rufe da faifai, ni kuma in je in ɗauko. Da wannan kwano muke hira ni da shi. In tuwo ya dawo da yawa na san miya ta gaza, in ya dawo kaɗan sai in wuni ina waƙa.

Ina son tsohon nan ƙwarai. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma duk ranar Jumma'a sai na tarar da dabino uku ko huɗu a ƙarƙashin faifan, ba tare da an ce na wane ne ba.

Da damina ta yi nisa ciwo ya kama shi. Ƙafafunsa suka kumbura, cikinsa ya ƙi karɓar komai, tuwo ya riƙa dawowa yadda na kai shi. Da ƙyar mijina ya lallaɓa shi zuwa asibiti. Likita ya duba, ya ba da magani, sannan ya yanke hukuncin da ya fi ciwon tayar wa Baba hankali: a daina ba shi mai, da gishiri, da nama, da duk wani abu mai nauyi, a koma ga 'ya'yan itace da ɗanyen kayan lambu na wani lokaci. In bai samu ƙarfi ba, gado za a ba shi.

Ina daga bayan katanga na ji amsar da ya ba ɗansa. "Lemo? Gwaiba? Ni biri ne? Da furfurata zan zauna ina tsotsar lemo kamar yaron tasha?" Ko da ya yarda ma, haƙoran da suka rage masa goro ya gama da su, ba mai iya karas a cikinsu. Sannan ya ce a hankali, "In abin ya ƙi, kada ku kai ni gadon asibiti. Ku sa ni a mota ku mayar da ni Borno." Ba wanda bai gane ba. Tsohon da ya shekara da shekaru a Jimeta ba yawon ganin dangi yake nema ba. Na koma ɗaki na yi kukana, na share fuska, na ce a raina wallahi ba daga hannuna za a ɗauki tsohon nan a sa a mota ba.

Maƙwabciyarmu ta katanga ma'aikaciyar jinya ce, Kirista daga wajen Ganye, kowa Sista yake ce mata. Mace ce mai faɗin gaba da faɗin murya, Hausarta irin ta Jimeta wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ita ta kwance mini ƙullin. "Amarya, kai kana kuka don me? Tsoho bai iya tauna, to ya sha mana. Ka matse masa, ka ba shi a kofi kamar shayi. Dattijo ba ya jin kunyan kofi." Ita ta sa aka kafa mini teburin nan nesa da murhu, ta ce wuƙar albasa kada ta taɓa lemo, randar ma ta daban.

Na fara da hannu. Lemon zaƙi ina matsa shi da tafi, karas ina goga shi a magogin rogo in tace da sabon ƙyalle kamar mai tatar koko. Kafin in tara rabin kofi wuyan hannuna ya sage, ƙudaje sun taru, ruwan ya ɗumama. Sista ta leƙo ta katanga ta ce wannan ai azaba ce, a nemo mamatsi. Tana da wani injin lantarki da wata Baturiyar mishan ta bar mata, muka gwada shi a ɗakinta. Ya yi ƙara kamar za a tashi jirgin sama, ya cika kofi da kumfa, wuta ta ɗauke kafin mu yi na biyu. Gidanmu ko wayar lantarki ba a ja ba, don haka maganarsa ta mutu a nan.

Sa'armu ɗaya, kogin Binuwai ya cika, jiragen ruwa sun iso da kaya, kantuna sun yi ƙiba. A wancan zamani abin da jirgi bai kawo da damina ba, sai ka haƙura har wata daminar. Bayan la'asar mijina ya sa ni na yafa mayafi muka tafi kantin wani Ibo da ya dawo bayan yaƙi, wanda suka saba da Baba tun da daɗewa. Da ya ji ciwon Malam ne, kamar yadda yake kiran Baba, sai ya bar masu saye a tsaye ya shiga ciki ya fito da abu biyu.

Na farko ƙarfe ne, baƙi, mai nauyi, da baki a sama kamar na injin markaɗe, da mariƙin juyawa, da ƙugiyar da ake ɗaure shi a gefen tebur. Mai kanti ya buga shi da tafin hannu. "Oga, dis wan no de spoil, ba ya lalacewa. Ka jefa lemo, ka jefa karas, ka jefa gwaiba, duka yana haɗiye. Jikanka ma zai gada." Idon mijina ya kawo haske. Ya juya mariƙin, ya leƙa ciki, ya sake juyawa, kamar an ba shi motar gwamna.

Na biyu kuwa ɗan faranti ne na gilashi mai kauri, da wani tudu mai tsaga-tsaga a tsakiya kamar ƙaramar malfa, da ɗan baki na tsiyayewa. Ka raba lemo biyu, ka kifa a kan tudun, ka murza. 'Ya'yan su tsaya a wasu ƙananan haƙora da ke kewaye, ruwan ya gangara. Ba ya cin karas, ba ya cin gwaiba, lemo kaɗai ya sani. Shi ɗaya ya rage a kantin. Mijina ya ce wannan ai kayan wasan yara ne. Ni kuwa da na ɗauke shi na ji sanyinsa a hannuna sai zuciyata ta kwanta da shi, ban san dalili ba. Muka fara musu ƙasa-ƙasa a gaban mutane, ni da aka ce Fulani ba sa magana. Mai kanti ya raba mu. Ya ce mu tafi da duka biyun mu gwada, wanda Malam ya zaɓa mu riƙe, ɗayan mu dawo da shi.

To, ta yaya Malam zai zaɓa, alhali ba mai iya tambayarsa? Muka ce kofi zai faɗa mana, yadda kwano ya saba faɗa.

Na fara da gilashin. Na zaɓi lemo masu siririn ɓawo, na wanke, na murza a hankali, na tace, na zuba a kofin tangaran fari mai bakin shuɗi, na jiƙa tsumma na naɗe shi ya yi sanyi. Mijina ya kai. Na zauna ina jiran ƙarar faifai. Da na je na ɗaga, kofin yana nan kusan cike, an kurɓi abin da bai fi kurɓa uku ba. Washegari haka. Jibi ma haka. Na ƙara masa ruwan karas da na tace da ƙyalle, ya dawo. Na sa kankana, ya dawo. Raina ya ɓaci har na ji haushin tsohon, na ce wannan taurin kai na Barebari sai Allah. Don kada a yi asara sai in zauna a bayan rumfa in shanye ragowar ina ƙunƙuni.

A nan sai in faɗi abin da a lokacin ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa ba. Ina da ƙaramin ciki, na fari. Ba abin da ke zama mini. Warin daddawa, warin man gyaɗa, har warin sabulun mijina, duk sai su kai ni bayan ɗaki da sassafe. Na rame, idona ya faɗa. Ban gaya wa kowa ba, cikin fari ba a shelarsa. Amma wannan ruwan lemo da Baba yake dawowa da shi, shi kaɗai ne ke shiga ya zauna lafiya. Ban ma lura da hakan sosai ba, hankalina yana kan kofin da ya ƙi ƙarewa.

Mijina ya ce, "Na gaya miki. Kawo ƙarfen." Ya ɗaure shi a tebur da kansa, ya naɗe hannun riga. Na feƙe koren ɓawon lemo yadda masu talla ke yi, na bar farin, na yanka huɗu-huɗu. Ya riƙa jefawa da 'ya'yan da komai, ya bi da karas, ya bi da gwaiba, yana juyawa yana gumi, injin yana ƙurus-ƙurus. Kafin ka ce kwabo kofi ya cika da wani ruwa mai kauri. Na ɗanɗana da bakin cokali na tofar, amma a kwanakin nan ko zuma aka ba ni tofarwa nake yi, sai na ɗora laifin a kan bakina. Shi kuwa mijina ba zai sa baki a abin mahaifinsa kafin mahaifin ya sha ba.

Kofi ya dawo wayam, har an ɗauraye shi da ruwa an shanye ɗaurayen. Na tsaya da faifai a hannu ina kallon kofin. Mijina ya yi ta taka rawa a tsakar gida da safarsa, yana cewa ilimin zamani ya yi halinsa. Washegari ma kofi wayam. Muka yi murna, Sista ta yi guɗa ta katanga. Na naɗe ɗan gilashina a tsumma, ina jin kamar ana raba ni da ƙawa, mijina ya mayar wa mai kanti.

Haka muka yi ta yi. Kullum kofi wayam, amma tsoho ba ya ƙara kumari. Muryarsa ta gaisuwa ta ƙara siririya. Wani lokaci bayan ya sha sai in ji shi yana gyaran murya yana istigfari a jere. Ni ma na koma gidan jiya, tunda ba sauran ragowar da zan sha, kuma ƙarfen nan ko ƙamshinsa ba na so. Wata safiya na ji ya tambayi ɗansa ko motar Maiduguri har yanzu ranar kasuwa take tashi. Na aika Yola a gaya wa Goggo ina son ganinta.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ta raine ni. Doguwa ce, siririya kamar sandar kiwo, bakinta kuwa ko sarkin fawa yana shakkarsa. Ta iso da hantsi da ƙwaryar kindirmo a kai, ta dube ni sau ɗaya daga sama har ƙasa, ta ce "Hmm," ta gane komai ba tare da na buɗe baki ba. Ta dubi teburina ta ce, "Wannan kuma wane irin madafa ne babu hayaƙi? Aljanu kike dafa wa?" Na ba ta labari tun daga farko. Ta ce in matso mata abin da ake ba tsohon ta gani. Na juya ƙarfen na miƙa mata. Ta kurɓa, fuskarta ta tattare wuri ɗaya, ta fesar da shi har kan zanina.

"Subhanallahi! Bingel am, 'yata, wannan maɗaci kuke ba bawan Allah? Me ya yi muku?"

"Goggo, shanyewa yake yi tas."

Ta ɗauki kofin ta nufi ɗakin Baba. Abin da ni ba zan iya ba, da abin da ɗansa ba zai iya ba, ita tana da lasisinsa tun daga kakanni, domin Fulani da Barebari abokan wasa ne. Bafulatani zai shiga har gadon Babarbare ya kira shi Kolejo, yadda Fulani suke kiran Barebari, ya ce bawansa ne, a yi dariya, ba mai riƙe wa wani. Na bi ta a guje na laɓe a ƙarƙashin 'yar tagar nan.

"Salamu alaikum, Kolejo! Uwargijiyarka ya zo, ba ka tashi ka durƙusa?"

Na ji wata dariya mai rauni da na daɗe ban ji ba. "Lale, lale da Fulata. Wa ya bar miki shanu kika shigo gari? Ku ɓoye ƙwarya, ɓarayin nono sun iso."

"An ce mini kana shirin gudu Borno. Bawa yana tafiya ba izinin mai shi? Zauna tukuna. Faɗa mini, wannan abu da ke cikin kofi, daɗinsa kake ji? Ko bakin Barebari ne kanwa ya kashe?"

Sannan Baba ya ce, "Fulata, tun da uwata ta haife ni ban taɓa shan abu mai ɗaci irin wannan ba. Ko sabara ta fi shi mutunci."

"To don me kake shanyewa har da ɗauraye?"

"In na rage, wa zai sha ragowar? Yarinyar nan ce. Ina jinta kullum da asuba a bayan ɗaki, abin da ke cikinta ba ya barinta ta riƙe ko ruwa. In bar mata wannan? Gara ya ƙare a cikina, ni na riga na tsufa."

Na dafe katanga. Kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa, ashe duk ɓoyon da nake yi tsohon yana sane.

Goggo ta ce, "Na farkon fa, mai daɗin, da ka riƙa mayarwa?"

"Wannan ai ruwan Aljanna ne. Ranar farko na kurɓa na ce bari in rage mata albarka, yadda ake yi. Sai na ji ta a bayan rumfa tana sha tana faɗa da ni ƙasa-ƙasa, kuma ranar ban ji ta koma bayan ɗaki ba. Na ce to, ga abin da jikana yake so. Sai na riƙa taɓawa kaɗan ina tura musu. Ban san me na yi ba aka daina kawowa."

Goggo ta yi salati ta tafa hannu, sannan ta fashe da dariyar da har Sista ta leƙo ta katanga. "Kai jama'a! Gida guda, mutum uku, kowa yana kashe kansa da kunya! Kai Kolejo, wa ya ce ka ari pulaku, kunyar Fulani? Kayanmu ne, ya fi ƙarfinka, dawo mana da abinmu!" Baba yana dariya yana tari yana cewa ai zama da Fulani ne ya lalata shi. Ni kuwa ina tsugune a gindin katanga, ina kuka ina dariya a lokaci guda, na rasa wanda zan bari.

Da ta fito ba ta ko zauna ba. Ta ce in ɗauko mayafi. Ashe farin ɓawo da 'ya'yan lemon da ƙarfen yake niƙewa su ne suke kawo ɗacin. Muka kwance ƙarfen daga tebur, ta ɗora shi a kai kamar ƙwaryar nono, muka nufi kanti da rana tsaka. Duk hanya addu'a nake yi kada a ce an sayar da gilashin, don ruwa ya fara ja da baya, jirage sun daina zuwa. Muka tarar ba ya kan kanta. Na tambaya. Mai kanti ya sosa ƙeya, ya duƙa ƙarƙashin tebur ya fito da shi cike da allurai da maɓallai, ashe ganin ba mai saye ya mayar da shi ma'ajiya. Goggo ta sauke masa ƙarfensa a gaba ta ce, "Karɓi abinka, ka kai wa masu niƙan barkono." Ya juye maɓallan a tafin hannu yana dariya, ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya ce a gaida Malam.

Mijina da ya dawo daga ofis ya ga tebur ba ƙarfe, ya fara tambaya da muryar akawu. Goggo ta ajiye masa sauran kofin safe ta ce ya sha ilimin zamani. Ya kurɓa. Ya tafi randa ya daɗe yana kurkure baki. Har ya tsufa in ina son in kashe masa gardama sai in ce, "A ɗauko ƙarfen ne?"

Saura matsala guda, kuma Goggo ta gan ta kafin ni. In aka koma gilashi, tsohon zai koma turo mini rabonsa. Ni kuma ba zan iya zuwa in ce masa na sha nawa ba, shi ma ba zai tambaya ba. Ta koma bakin ƙofarsa ta yi masa doka da ƙarfi yadda zan ji. Kofi biyu za a riƙa matsawa. Yarinya za ta zauna a gindin taga ta shanye nata, in ta gama ta ƙwanƙwasa kofin a kan dutsen da ke wurin. In ya ji, ya san jikansa ya ƙoshi, sai ya sha nasa duka. "In ka rage ko kurɓa ɗaya, Kolejo, da kaina zan zo in ɗura maka kamar ɗan maraƙi."

Washegari na tashi da wuri na murza lemo har kofi biyu suka cika, na haɗa da ɗan ruwan karas da na tace da ƙyalle. Wuyan hannuna ya yi tsami, ban damu ba. Mijina ya kai na Baba ya fito. Na zauna a gindin taga, na sha nawa a hankali, mai sanyi, mai zaƙi, na ji yana sauka yana zama. Sannan na ɗaga kofin na buga shi a dutse, ƙwal. Can sai na ji ana kurɓa a ciki, a hankali, ana tsayawa ana cewa alhamdulillahi. Da aka jima sai ga amsa ta taga, ƙwal, ya buga nasa a ƙafar gado.

Haka muka ci gaba har kaka ta shigo. Gwanda ta nuna, na riƙa murje ta ta rariya ina haɗawa da lemo. Masu lambun bakin tafki suka san ni, suna aiko mini da karas da gurji tun da raɓa a jikinsu. Kumburin ƙafar Baba ya saɓe, muryarsa ta dawo, likita ya yarda a fara ba shi kunu da ɗan tuwo mai laushi. Wata safiya na ji muryoyin masu ɗaukar karatu sun cika zaure, da tasa a sama da tasu tana gyara musu. Maganar motar Maiduguri ba a sake tayar da ita ba. Ni ma na yi ƙiba har Sista ta ce tsoho da amarya gasa suke yi.

Ranar suna da ƙafarsa ya fita zaure, ba sanda, ya yi wa yarinyar da na haifa huɗuba da kansa. Goggo ta ce an sake haifa wa Fulani baiwa, ya ce a'a, uwargijiyar Fulani dai ta iso.

Ya rayu har ya ɗora wa yarinyar nan alif da ba a allo. A duk tsawon shekarun ban taɓa ganin bakinsa yana sha ba, shi ma bai taɓa ce mini lemo ya yi daɗi ba. Ko bayan da likita ya sake shi ya ci abin da yake so, ba mu daina ba. Kullum da safe in zauna a gindin taga in buga kofina a dutse, in jira, har sai ya buga nasa.